Idon Zakara a Hannun Lami

Shekaranjiya aka yi sunan tattaɓa-kunnena, aka sallame ni da bokitin roba, ni da nake kakar gidan. Shuɗi ne, an manna hoton jaririn a jikinsa, yana barci bai ma san ana yi ba. A ciki akwai kofi, shi ma na roba, da wani ɗan tawul da bai isa goge fuskar mage ba. Duk macen da ta zo da irinsa ta tafi. Na tsaya a ƙofa ina kallonsu suna hawa motar danfo, kowa da bokitinta, kamar an tashi 'yan ɗibar ruwa. Na ce wa jikata mai jegon, "Ke, wannan wa ya yi shi?" Ta ce, "Hajiya, wa kuwa zai yi? Inji ne. A kasuwa aka saro su." Na ce to madalla, Allah ya yi wa injin albarka. Suka kwashe da dariya, suka ce na fara. Sai wata a cikinsu ta ce in dai haka ne in koya musu irin na zamaninmu mana, wanda ake yi da hannu. Tsiya kawai nake yi musu, amma duk Agege ni ce mace ta ƙarshe da za ta ce wa yarinya ta zauna ta ƙera wa jariri wani abu da hannunta. Rabona da yin haka tun ban iya ɗaurin ɗankwali ba, kuma da dalili.

Agegen da na buɗe ido a cikinta ba wannan ba ce da ake taka ƙafar mutum ba a ce masa sannu. Daji ne da gonakin goro, layin dogo ya ratsa ta tsakiya, mu Hausawa muka maƙale a gefensa saboda goron. A nan aka haifi Baba, a nan aka haifi Inna, a nan aka haife ni. Yarabanci a bakinmu kamar ruwa, ko faɗa za mu yi a bakin rijiya da shi muke yi, Hausa sai mun shiga gida. Da sassafe za ka ji matan ƙauye suna shigowa da kwanduna a ka, suna gaisuwa tun daga nesa. Tsakar gidanmu kullum a jiƙe take da ruwan wankin goro, ga ƙamshin ɗanyen ganyen da ake lulluɓe huhun goro da shi, ga Baba a zaure da mutanensa suna ɗauri suna nishi. In ruwan sama ya sauko a kan kwano, sai ka yi ihu kafin na kusa da kai ya ji. Sai kuma jirgi. Tun bai iso ba kwanukan Inna suke fara rawa a kan jere, sannan ka ji jiniyarsa, sannan baƙin hayaƙi ya sauka a kan shanyar da aka sha wuya aka wanke. Inna ta tsine masa, mu yara mu fita da gudu mu ɗaga wa mutanen cikinsa hannu. Ba mu san kowa a ciki ba, mu dai ɗagawa muke yi.

In azumi ya raba tsakiya, gidajen unguwa sai su koma wurin sana'a. Babu mai tunanin zuwa kanti ya sayo abin barka da Sallah, kantin ma na Turawa ne can cikin Ikko, wa ya aike mu? Mata ba sa fita, saboda haka bayan an ɗora tukunyar buɗa-baki kowa sai ta jawo abin hannunta. Wata na saƙa faifai da kabar da ake kawo mana daga Arewa a jirgi, ta rina ja da kore. Wata na ɗinkin hula wa miji, tana ɓoyewa in ta ji takunsa. Inna gwanar turaren wuta ce, tana zubawa a gwangwanin madarar da muka tsinto muka goge da toka har ya yi ƙyalli. Mu 'yan mata mukan je wurin tela mu roƙi ƙyallaye, mu harhaɗa su mu yi jakar allo ko zanen 'yar tsana. Sabulun salo a mulmula shi, a naɗe a ganye, kyauta ce. Mafici kyauta ne. Ranar Sallah mu ne 'yan aike, mu ɗauki tire mu shiga gida-gida, kuma ba sai mun faɗi daga ina ba. Matar gida tana ɗaga faifai ta dubi bakinsa za ta ce, "Wannan hannun wance ne, har yanzu ba ta iya rufe baki ba." A yi dariya, a ba mu tukuicin alkaki.

Kakata ta wajen uba ita ce 'yar Arewa ta gaske a gidanmu, da ƙafa ta zo ƙasar nan tun kafin dogo. Tana da wani murfin ƙwarya da ta zo da shi, an yi masa ado da idon zakara. Ga wanda bai sani ba, 'ya'yan wata ciyawa ce mai yaɗo, ƙanana kamar wake, ja wur, da ɗigon baƙi a gefe guda, suna sheƙi kamar an shafa musu mai. An lilliƙa su da ƙaro a jikin murfin, layi-layi. Ni kuwa ba abin da idona yake so kamar murfin nan. Da na kai hannu sai in ji dukan mafici a bayan hannuna. "Bar shi!" Shi ke nan. Ba ta taɓa cewa don me ba, ni ma ban taɓa tambaya ba, don a lokacin yaron da ya ce wa babba "don me" ya nemi mari. Yaran yanzu kuwa ko ruwa ka hana su sai sun tsare ka da tambaya. Iyayensu na jin haushi, ni ba na ji. Duk wanda ya tambaye ni sai na zaunar da shi na faɗa masa dalili har ya gaji. Kaka ta rasu da dalilinta a ciki, murfin kuma aka ba wata 'yar'uwa ta tafi da shi.

Shekarar da nake ba da labari ina da kamar goma. Goggo, ƙanwar Baba, ta zo mana azumi daga Arewa tare da mijinta, wani falke mai sayen goro. Garinsu can bayan Zariya yake, in an sauka daga jirgi sai an yi tafiyar yini biyu a jaki. Ni 'yar fari ce, kun san al'ada, Inna ba ta kiran sunana, ba ta wasa da ni a gaban mutane, "ke" ne sunana a gidan. Goggo kuwa ba ruwanta. Ita ce mai ɗora ni a cinya da girmana, ita ke yi mini kitso tana zagin gashina tana dariya. Ta zo da 'yarta Lami, 'yar wata takwas ko tara, ɓul-ɓul da ita, tana haƙori, yawu har ƙirji. Duk abin da hannunta ya kama sai baki. Ni na zama mai goyonta, bayana ya zama gadonta, in wani ya ɗauke ta sai ta miƙo mini hannu tana kuka. Wallahi har alfahari nake yi da kukan nan.

Abin da ya dame ni shi ne hannuna bai iya komai ba. Faifan da na fara ya karkace kamar kunnen jaki, 'yan matan unguwa suka yi ta nuna shi suna riƙe ciki. Jakar allon da na ɗinka ta ɓarke kafin allo ya shiga. Ina so in ba Lami abin da ba wanda ya taɓa ba wani, in kuma rufe bakin masu dariya. Ana nan wata rana an aike ni kai wa Baba saƙo tasha, na biyo ta gefen dogo, sai na ga ciyawar ta nannaɗe jikin wani shinge, kwansonta ya bushe ya fashe, ga ja nan jere yana kallona. Murna ta kama ni. Na cika bakin zanena. Na kawo wa Inna na nuna mata, ta ce, "Lah, irin na murfin tsohuwa," ta ci gaba da tankaɗenta. Ita ma haihuwar Agege ce, abin da ta sani game da shi bai wuce abin da na sani ba.

Ba ni da ƙaro, kuma ba murfi nake so ba, abin hannu nake so, irin na murjani da nake gani a hannun 'ya'yan masu hali. To amma idon zakara tauri gare shi kamar dutse, allura biyu na karya wa Inna. Sai dabara ta zo mini, kuma ku ji, shekara da shekaru ina tsine wa dabarar nan. Na jiƙa su a ruwan ɗumi suka kwana, suka yi taushi. Na ɗauki basillar Baba ta ɗinkin huhu, na wasa bakinta a dutse, na dinga huda su ɗaya bayan ɗaya a bayan ɗaki. Na soke yatsana ya fi sau nawa, in tsotse jinin in tofar saboda azumin ganin ido da nake yi, in ci gaba. Zare na baƙin abawa na samu, in auna a hannun Lami, in jera har ya zagaye, in ƙulle. Da na ga na farko ya yi kyau sai zari ya kama ni. Na yi wa duk jariran da ke layinmu, gida shida, na Lami na bakwai, kuma nata na zaɓa wa mafi ja.

Ranar Sallah ni ce tauraruwa. Duk gidan da na shiga sai an kira kishiyar ɗaki da maƙwabciya a zo a gani. "Kai, 'yar nan! Ashe kina da hannu kika ɓoye?" Masu yi mini dariya suka koma roƙona in koya musu, na ce sai na yi shawara. Goggo ta ɗaura wa Lami nata da kanta, ta ɗaga hannun yarinyar sama tana juyawa, jan nan a kan baƙar fatarta, tubarkalla. Ta ce, "Wannan ba za a cire shi ba sai hannu ya fi ƙarfinsa. Kowa ya tambaya a garinmu in ce 'yata ta Ikko ce ta yi." Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma ina jin ban ƙara ba.

Washegari da hantsi muka raka su tasha. An loda huhunan mijin Goggo a tarago, su kuma suka shiga cikin cunkoso, Goggo ta samu gefen taga. Lami ta gan ni a ƙasa ta fara kuka tana miƙo hannu. Da jirgin ya motsa na bi shi da gudu har ƙarshen dakali. Abin da na gani na ƙarshe shi ne ta gaji da miƙo hannun, ta mayar da shi baki tana tsotsa. Na yi dariya ma a lokacin, na ce ji 'yar banza, za ta jiƙa mini aikina.

Kwana ɗaya da tafiyarsu yatsana ya kumbura suntum, yana zogi har hammata. Inna ta ce in je wurin Iya Alagbo ta duba. Wata tsohuwar Bayarabiya ce mai sayar da saiwoyi da ganyaye a bakin kasuwa, duk jariran unguwa da agbonta, wato jiƙon saiwoyinta, aka yi musu wanka, Hausa da Yarabawa. Na durƙusa na gaishe ta da Yarabanci, na miƙa mata hannu. Ba ta ko dubi yatsan ba. Idonta ya tsaya a kan ragowar 'ya'yan da na jera na sa a nawa hannun. Ta damƙe ni da ƙarfin da ban san tsohuwa na da shi ba.

"Wa ya huda wannan?"

Na ce, "Ni ce, Iya." Har da ɗan murmushina, ina jiran yabo.

Ta fizge abin hannun ta jefa a cikin murhunta, ta wanke hannunta, sannan ta juyo. Ta ce ganyensa magani ne, ita ma tana ba masu tari. Ɗan kuwa, in yana rufe da ɓawonsa, ko an haɗiye shi fita yake yi yadda ya shiga. Amma in aka fasa shi ko aka huda, abin da ke ciki ko babban mutum bai tsira ba, balle yaro. Ta ce ba ya kisa nan take, sai ya kwana biyu ko uku a ciki, mutum na wasa yana dariya, sannan amai da gudawa su zo, kuma ita duk tsufanta ba ta san maganinsa ba. Sai ta juya harshe zuwa gurguwar Hausarta don kada in ce ban gane ba. "Yaro ya sa a baki, ya mutu. Ka ji? Ya mutu. Wa ka ba?"

Fitsari ne ya bi ƙafata a gaban 'yan kasuwa, da girmana.

Ita ta riƙo hannuna har gida, tana tafe tana kiran sunan Allah. Inna ta ji bayani, ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Na gani da idona, na ƙyale ta." Ba ta da ikon fita, sai ta tura ni da tsohuwar. Ku da ba ku san zamanin ba ba za ku gane nauyin abin ba. A karɓe kyautar da aka bayar, ta Sallah, daga hannun jariri, wannan ko mahaukaci ba ya yi. Gida shida na shiga ina kuka ina cewa a ba ni abina. Wata ta tsinke shi ta jefe ni da shi. Wata ta buɗe bakin ɗanta tana laluba da yatsa tana kururuwa, yaron na kuka, ita na kuka. Wata dattijuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yar ƙanƙanuwa da ke, wa ya aiko ki gidana?" Na san abin da take nufi, kowa ya sani, a unguwa irin tamu kalmar maita ba ta da wuyar fita. Iya Alagbo ce ta tsaya ta balbale ta da faɗa, ta ce yarinya ce, rashin sani ne, ku manya da kuka karɓa kuna guɗa me kuka sani? Muka haɗa shida cif, ba wanda zarensa ya tsinke a hannun yaro, aka ƙone su. A hanyar komawa tsohuwar ta ce, "Shi ke nan ko?" Na ce saura ɗaya. Ta ce ina? Na nuna mata dogo.

Baba bai dake ni ba. Na so ya dake ni, wallahi na so, da na samu inda zan ajiye abin. Ya saurara har aka gama, ya tashi ya sa takalmi ya nufi gidan waya. A ƙofar wurin akwai akawun da ke rubuta wa mutane saƙo da Turanci, shi ya rubuta. Sai dai garin su Goggo ba waya, ba ma wanda ya san boko. Aka aika wa fatoman da suke sauka a gidansa a Zariya, a ce in sun iso a cire abin hannun yarinya, guba ne. Da Baba ya dawo na ji Inna tana tambayarsa ko za ta riske su. Ya ce, "Jirgi ya ba mu yini da kwana. In sun tsaya hutawa a Zariya, za ta same su. In mijinta ya matsu ya kai goro kafin ya bushe, sun wuce." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma na san shi, ba ya zama."

Amsa ba ta zo ba. Kwana uku, bakwai, goma. Kullum Baba ya je gidan waya ya dawo, ba na tambaya, takunsa kawai nake saurare. Jariran layinmu shida ba wanda ya ko yi atishawa, wannan ya sa na fara ce wa kaina wataƙila tsohuwar ta cika baki ne. Sai na yi abin da ban taɓa faɗa wa Inna ba har ta bar duniya. Na koma shingen na ɗebo uku, na daka su da dutse, na cuɗa da tsaki na ba wani ɗan tsakonmu mai ɗingishi. Ranar farko yana ta kiwonsa. Rana ta biyu har da bin fara. Na ji kamar an sauke mini dutse, na ci tuwo na ƙoshi a karon farko. Rana ta uku da safe na je zuba musu ruwa na tarar da shi a gindin randa, ya saki fukafukai, idonsa a rufe, yana buɗe baki ba sauti. Na tsuguna a wurin har ya daina. Na tona rami a bayan ɗaki na binne shi, Inna ta ce shaho ne ya ɗauke, na ce e.

Daga nan tsoro ya zauna mini a ciki, ba ya tashi. In kwanukan Inna suka fara rawa a kan jere sai in ruga bayan gida. Yara su fita ɗaga wa jirgi hannu, ni in toshe kunne. Duk jirgin da ya fito daga Arewa ina ganin shi ne mai ɗauke da labarin, duk baƙon da ya yi sallama a zaure sai in shige ɗaki in ɓuya. Bayana ma ya dinga yi mini nauyi kamar da goyo, in kai hannu in gyara zane in ji ba kowa. Na rame har wuyana ya fito. A rijiya mata na ganina sai hira ta tsaya. Inna ba ta iya rarrashina da baki, kunyar 'yar fari ta hana, sai dai in ga ta tura mini tsokar nama a gefen kwanona ba ta dube ni ba. Sau ɗaya ta ce, tana fuskantar bango, "A dinga addu'a." Na yi kuwa. Ban san addu'o'i da yawa ba, abu ɗaya nake ta maimaitawa, Allah ka sa zaren ya yi ƙarfi.

Sai da watan Sallah ya ƙare, na bayansa ya yi nisa, sannan mijin Goggo ya dawo sayen goro. Bayan la'asar ne, ina shara a tsakar gida na ji sallamarsa. Tsintsiyar ta faɗi. Inna ta leƙo daga ɗaki, muka dubi juna, ta ce, "Kai masa ruwa." Na ɗauki kwanon sha, rabin ruwan ya zube a hanya. Na durƙusa na ajiye, na koma bayan ƙyauren zaure na lafe.

Suka fara gaisuwa da Baba. "Sannu da zuwa." "Yauwa, sannu." "Ina gajiya?" "Ba gajiya." "Yaya hanya?" "Alhamdu lillahi." "Yaya mutan gida?" "Lafiya lau." "Yaya yara?" "Lafiya lau." Da wata ce da ta yi tsalle. Ni kuwa 'yar Hausa ce, na san lafiya lau ɗin gaisuwa ba labari ba ne. Ko gidan mutum ne ya ƙone ƙurmus, sai ya ce lafiya lau, ya sha ruwa, ya huta, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Suka gaisa suka sake gaisawa. Aka tambayi damina, aka tambayi kasuwa, aka tambayi wani maƙwabci mai ciwon ƙafa. Ina jin ƙarar ruwan yana wucewa a maƙogwaronsa. Ya ajiye kwanon.

Ya ce, "To, sai haƙuri. Yarinyar nan Allah ya karɓi abarsa."

Baba ya yi salati a hankali. Ni ban yi kuka ba, ban iya ba, na dai ji ƙyauren yana kaɗawa saboda jikina da ke jingine da shi. Mijin Goggo ya ci gaba da bayani. Waya ta iso Zariya sun riga sun wuce. Fatoman, Allah ya saka masa, ya tashi mutum ya bi su, ya same su kwana biyu da isa gida. Goggo na jin saƙon ta sa wuƙa ta yanke zaren a take, 'ya'yan suka watse a tabarma, ta tsince su. Yarinya lafiyarta ƙalau a ranar. Bayan kwana biyu jikinta ya yi zafi, ga amai, ga gudawa. Amma kuma, in ji shi, ƙyanda ta shiga garin a daidai lokacin, ta ɗebi yara da dama, har a gidan da ke jikin nasu. Baba ya tambaya ko ƙurajen sun fito mata. Ya ce ba su kai ga fitowa ba.

Sai mijin Goggo ya ɗaga murya kaɗan. "Ina 'yar tawa? Na san tana kusa. Zo nan."

Na fito da rarrafe. Ya sa hannu a aljihu ya ciro wani ɗan ƙulli, bakin zanen Goggo ne ta yaga, na gane shi. Ya ce, "Goggonki ta ce in ba ki hannu da hannu. Ta ce in faɗa miki ba ke ba ce, kwana ne ya ƙare. Ta ce ta san ba za ki yarda da baki ba, shi ya sa ta aiko su. Duk abin da ta tsinta a tabarma yana nan. Ki ƙirga da kanki ki ga ba wanda ya ɓace, hankalinki ya kwanta."

Na kwance ƙullin a ƙasa a gabansu. Sun dushe, jan ya koma kamar na busasshen jini. Na dinga ture su da ɗan tsinke ɗaya-ɗaya. Goma sha ɗaya. Na sake ƙirgawa, goma sha ɗaya. Baba ya sunkuyo, mutumin da bai taɓa duban idona ba tun da aka haife ni, ya dube ni. Ya ce, "Sun cika?"

A hannunta na auna zaren. Jerawa na yi ta yi har ya zagaye, na ƙulle. Ban ƙirga ba, ko sau ɗaya ban ƙirga ba, wa ke ƙirga abin da yake yi da murna? Na dubi Baba, na dubi baƙon da ya yi tafiyar kwana da kwanaki da ƙullin nan a aljihu, na tuna Goggo a durƙushe tana tsintar su don ni, ita da ke da 'yar.

Na ce, "Sun cika, Baba."

Ya sauke ajiyar zuciya ya ce alhamdu lillahi, aka shafa fatiha. Da wannan maganar Baba ya rayu, da ita aka aika wa Goggo, da ita su duka suka koma ga Allah. Ni aka bari, na tsufa har na ga tattaɓa-kunne, kuma har yau ban san ko goma sha ɗaya na jera ba ko goma sha biyu.